Don Evaristo da Kifin Ƙasan Teku

A duk faɗin kasuwar Durango babu wanda bai san Don Evaristo Zepeda ba, mai shagon huluna da takalman fata. Hajarsa ba laifi, amma bakinsa ne ya yi masa suna. Mutum zai shiga sayen hula, ya fito da hula da kuma labarin yadda Don Evaristo ya taɓa kayar da bijimi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin gahawa, ko ɗigo bai zuba ba. In ka ce ka yi zazzaɓi, shi ya yi wanda ya ƙona katifa. Matarsa, Doña Chelo, ta daɗe da daina musu da shi. Da ya fara sai ta jawo saƙarta ta ce, "Ci gaba, tsoho, ina jin ka." Ba ta kuwa ji.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Maritza, ma'aikaciyar jinya a Mazatlán, can bakin teku. Ita ce ta bugo waya ran nan ta ce iyayen saurayinta Ulises suna so su nemi aurenta bisa al'ada, ran Asabar da rana, a gidan abincin Doña Petra.

"Baba, don Allah abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta. "Mahaifin Ulises, Don Abundio, ba mai yawan magana ba ne. Jiragen kamun jatan lande gare shi, a teku ya tsufa. Ka zo, ka gaisa, ka ci abinci, in sun roƙa ka ce ka bayar. Shi ke nan. Ban da labarin bijimi."

"Ni? Yaushe na taɓa ba da labarin da ba a tambaye ni ba?"

"Baba."

"To, to, na ji."

Yana ajiye waya ya fara kai da kawowa a tsakar ɗaki, hannu a baya.

"Kin ji ko, Chelo? Jirage gare shi. A teku ya tsufa. Wato mu 'yan kan dutse ne, ba mu san komai ba sai wake da naman shanu. Za su zaunar da mu suna ɓare mana jatan lande kamar yaran goye, suna kallon juna suna murmushi. 'Yata ta shiga gidansu da kai a ƙasa? Ba a yi ba!"

"Ba wanda ya ce haka."

"Ba sai sun ce ba. Ki saurara. Ran Asabar da safe zan shiga teku da kaina. Kifin da za a ci a wurin nan, ni zan kamo shi. In shigo da shi a kafaɗa, in aza a kan tebur, in ce, 'Suruki, ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri da shi.' Daga ranar zai san da wa ya haɗa zuri'a."

Doña Chelo ta ɗago kai daga saƙarta. "Tsoho, kai da ko a bahon wanka sai ka dafa bango?"

"Santsin sabulu daban, teku daban."

Ran Asabar da safe a Mazatlán, Doña Chelo na can masauki tana guga, Don Evaristo ya bayyana a mashigin jirage cikin farin wando, da riga mai hoton aku, da hularsa mafi tsada, da takalman fata masu tsini. Mai kwalekwalen da ya yi haya ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Maigida, da waɗannan takalman za ka shiga?"

"Da su na tsallake koguna da ambaliya. Tayar da injinka, ka kai ni inda manya suke. Ƙananan kifi ka bar wa 'yan yawon buɗe ido."

Ba su gama fita daga mashigin ba, raƙumin ruwa na farko ya ɗaga kwalekwalen ya sauke. Don Evaristo ya ji cikinsa ya tsaya a sama, bai sauko tare da shi ba. Na biyu ya zo, ya ce ƙwan da aka soya musu a masauki ne ba shi da kyau. Na uku ya same shi kansa na cikin bokiti. Iska ta fizge hular, ta yi ta mirginawa a kan ruwa har ta ɓace. Wani kwasakwasa ya sauka a goshin kwalekwalen yana kallonsa da ido ɗaya.

"Maigida, ga fatsar, in jefa maka?"

"Mayar da ni," in ji Don Evaristo daga cikin bokiti. "Don girman Allah mayar da ni ƙasa. Na ba ka shagona. Na ba ka har da huluna."

Da aka sauke shi, sai da ya rungumi turken fitila har gari ya daina juyawa. Hankalinsa na dawowa, abin da ya fara gani a zuciyarsa fuskar Doña Chelo ce, da irin kallon da za ta yi masa ta saman tabarau in ya koma hannu rabbana. Ina! Gara teku. Ya hango masunta suna baje kifi a kan tebura a bakin gaɓa, ya taka zai nufe su, sai ya ja birki. Duk waɗannan sun san Don Abundio. Kafin ya isa gidan abinci labari ya riga shi.

Sai ya tare ɗaya daga cikin tasin nan marasa ƙofa, ya ce a kai shi babban kantin da ke can cikin gari, inda ba wanda ya san kowa. A ƙuryar kantin, cikin wata doguwar firiza, ya samu abin da yake nema: jan kifi, ƙato, ya fi tsawon hannunsa, mai ido kamar murfin kwalba. Yana fitowa ya laɓe bayan motoci ya yage ledar da duk wani rubutu da ke jikinta ya zuba a shara. Kifin ya yi tauri kamar itace, amma wannan bai dame shi ba. Zafin garin nan ko ƙarfe ne ya narke. Don kada a gani, ya sayi tawul mai kauri ya naɗe shi, ya ƙara naɗewa, ya ɗaure tamau, yadda ko iska ba za ta shiga ba.

Direban tasi ya leƙo shi ta madubi. "Maigida, jariri ne?"

"Kifi ne. Yanzu na kamo shi."

"A cikin kantin?"

"Kai dai kula da tuƙinka."

Gidan abincin Doña Petra ya cika maƙil kamar kowace Asabar. Tebura sun fito daga ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa har cikin rairayi, hayaƙin gawayi na tashi da ƙanshin tafarnuwa, masu kai abinci suna ratsa mutane da farantai a sama da kai. Can bakin ruwa makaɗa suna bin tebur-tebur suna neman mai kiransu.

Kowa ya hallara, shi kaɗai ake jira. Don Abundio gajere ne mai faɗin ƙirji, da farin gashin baki, yana zaune kamar an dasa shi. Kusa da shi matarsa, Doña Ofelia, tana ta kaɗa mafici. Ulises ya sha guga yana gumi. Maritza na ganin mahaifinta ya shigo ba hula, fuska kore-kore, rungume da ƙunshi, sai murmushinta ya gudu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ku gafarce ni, jama'a, teku ce ta riƙe ni!" Ya faɗi haka da ƙarfi yadda har teburan maƙwabta sai da suka waiwayo. "Suruki, ban iya zuwa gidan mutane hannu rabbana ba. Na ce bari in ɗan leƙa ruwa. Ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri da shi."

Ya warware tawul, ya ɗaga kifin da hannu biyu, ya sake shi a tsakiyar tebur.

Ƙara ta tashi kamar an sari icce da gatari. Faranti ya rabe biyu. Lemun tsami ya watse ko'ina. Tulun gilashin da aka ciko da zobo ya yi rawa, ya yi tunani, sannan ya kwanta, jan ruwa ya gangara ya sauka daidai kan farin wandon Don Evaristo. Kifin kuwa ko lanƙwasa bai yi ba, sai wani farin hayaƙi da ke tashi daga jikinsa.

Doña Petra ta fito daga madafa, ƙatuwar mace da wuƙa a hannu. Ta dubi farantinta, ta dubi kifi, ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa. Ƙwas, ƙwas.

"Yaushe ka ce ka kamo shi?"

"Ɗazun nan. Da kyar! Ya ja kwalekwalenmu har muka daina hango gari."

"A daskare yake."

"Tsoro ne. Muna haɗa ido ya sandare."

Wani mai ƙaton tumbi a teburin kusa ya ajiye ƙafar ƙaguwar da yake tsotsa. "Gaskiyarsa! Ni ma in surukata ta kalle ni haka nake yi."

Doña Ofelia ta miƙo wuya, ba da wata manufa ba, ta ce, "Ikon Allah, har an feɗe shi. Babu kayan ciki."

"Wajen kokawa ya amayar da su, Doña. Wahala ba ƙarya ba ce."

"Ina hularka?" in ji Doña Chelo.

"Ya haɗiye."

Doña Petra ta karkata kifin ta leƙa cikinsa. "Babu hula a nan."

"To ai na ce miki ya yi amai!"

Maritza ta kai masa shuri ta ƙarƙashin tebur, amma takalmin fata ne, bai ji ba.  Sai Don Abundio ya shafa gashin baki ya ce a hankali, "A wane wuri?"

"Can ƙasa, suruki. Ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa. Ruwan can ƙanƙara ne zalla. Ai ka sani."

"Ban taɓa kaiwa can ba."

"Ka gani! Wata rana zan kai ka."

Doña Petra ta ce wannan kifin ba zai gasu yau ba sai an kira kafinta da zarto. Ta sa aka mayar da shi cikin tawul aka ajiye a wani ƙaramin tebur jikin ginshiƙi, aka share, aka canja farantai. "Ku fara da aguachile, jatan landenmu mai yaji, tukuna," in ji ta. "Iri uku nake yi. Akwai na baƙi, akwai na 'yan gari, akwai wanda nake ba mijina in ya ɓata min rai."

"Na baƙi," in ji Doña Chelo.

"Na 'yan gari," in ji Don Abundio.

Don Evaristo ya ga ƙofa ta buɗe masa. Maganar kifi ta ɗan karkace, shi ma ya sani, amma ga inda zai miƙe ta. "Kawo min na mijinki."

"Baba, a'a."

"Bar ni, 'yata. Mu a Durango da barkono muke yaye yara. Na taɓa cin wani barkono da aka hana shiga jirgin sama da shi."

"Tsoho, kai da ko albasa..."

"Chelo, ana maganar maza."

Aka kawo. Jatan lande ne an tsaga su, suna kwance cikin ruwan lemun tsami da kokwamba da albasa. Na kowa kore ne. Na Don Evaristo baƙi-baƙi ne, har wani ƙyalli yake yi. Ya tsura masa ido.

"Ba a dafa ba?"

"Lemun tsami ne ya dafa shi," in ji Ulises cikin ladabi.

"Na sani mana! Gwada ka nake, yaro. Ka ci jarrabawa."

Don ya rufe wannan, ya miƙa hannu cikin wani ɗan kwano ya damƙo 'yan ƙananan barkono jajaye masu kama da ƙwayar dawa, ya murje su a tafin hannu, ya barbaɗa. Mai tumbin nan ya taɓa matarsa da gwiwar hannu. Don Evaristo ya cika cokali har yana zuba, ya ɗaga wa jama'a, ya kai baki.

Daidai lokacin Don Abundio ya miƙe tsaye, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ya gyara murya.

"Don Evaristo. Doña Chelo. Ni ba ma'abocin magana ba ne."

Da farko Don Evaristo bai ji komai ba sai tsami da sanyi, har ya fara murmushi. Sannan wani abu ya kunna a ƙarƙashin harshensa, ya bi ta maƙogwaro, ya hau hanci, ya fita ta kunnuwa. Ya ji kamar ya haɗiyi murhun Doña Petra da gawayinsa. Tofarwa ba dama, ga suruki tsaye yana kallonsa ido cikin ido. Ya haɗiye.

Don Abundio kuwa, da yake mutum ne da bai saba jawabi ba, a hankali yake tafiya, yana tsayawa bayan kowace jimla kamar mai hawa tudu da kaya. Ya fara daga ranar da aka haifi Ulises. Ya bi ta makarantar firamare. Ya tsaya a kan ƙyandar da yaron ya yi.

Hawaye suka ɓalle wa Don Evaristo, shar-shar, suna bin gashin baki suna ɗiga a kan aku.

"Wayyo, dubi bawan Allah," in ji Doña Ofelia, ta dafe ƙirji. "Son 'yarsa ne. Uba ke nan!" Ita ma sai ta fashe da kuka. Ganin jawabinsa na ratsa zukata, Don Abundio ya ƙara rage gudu.

Don Evaristo ya lalubi abin sha. Zobo yana jikin wandonsa, ba a kawo wani ba tukuna. Ya ɗaga hannu yana yafuto mai kai abinci. Mai kai abinci bai gani ba, amma makaɗan bakin ruwa sun gani. Kafin ka ce me, sun kewaye teburin, da masu busa, da mai ganga da kuge, da wani siririn mutum da ƙaton ƙahon tagulla ya naɗe shi kamar mesa. Suka saki kiɗa a kan kunnensa.

Ya kaɗa hannu biyu, a daina, a daina.

"Ya ce a ƙara!" in ji shugabansu. Suka ƙara.

Ya miƙe tsaye yana nuna bakinsa da yatsa, yana tsalle.

"Jama'a, uban amarya zai rera! A tafa masa!"

Gidan abinci ya ɗauki tafi. Don Evaristo ya buɗe baki don ya ce ruwa, abin da ya fito shi ne, "Haaaaa!" Masu busa suka lalubo muryar suka bi ta. Ya sake cewa, "Haaa! Huuu!" Mai ganga ya ba shi amsa. Wasu tsofaffin mata biyu suka tashi suka fara takawa. Don Abundio na tsaye da kofi a hannu, jawabinsa ya maƙale a shekarar da Ulises ya gama sakandare.

Cikin hawaye Don Evaristo ya waiga hagu, ya waiga dama, sai idonsa ya faɗa kan ƙunshin tawul a jikin ginshiƙi. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ture mai kuge, ya tsallake kujera, ya fizge tawul, ya zaro harshe iya tsawonsa, ya manna shi a gefen kifin, inda ƙanƙara ta fi fari.

Wayyo daɗi! Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin sanyi mai daɗin wannan ba. Ya lumshe ido. Wutar ta fara lafawa. Ya ce a ransa, yanzu sai in koma in ce musu al'adar masuntan ƙasan teku ce, sumbatar abin da ka kama.

Ya ja kai zai ɗago. Kifin ya biyo shi.

Ya sake ja. Harshen ya miƙe kamar roba, kifin bai saki ba. Dole ya sa hannu biyu ya tallabe shi, ya juyo yana fuskantar jama'a, rungume da kifi a fuska, ido ɗaya na leƙowa ta saman ƙaya.

Kiɗa ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙaton ƙaho ne na ƙarshe, ya saki wani dogon "buuup" ya yi shiru. Wayoyi suka tashi sama daga kowane tebur.

"Jama'a, ku zo ku gani!" in ji mai tumbi, yana dukan tebur. "Yau kifi ya kama masunci!"

"Ramuwa ce," in ji wata daga cikin tsofaffin matan. "Ai shi ya fara."

"A ja shi ta wutsiya!"

"Kar ku ja! Harshen zai biyo!"

"In ya biyo a ba ni," in ji Doña Chelo. "Na san inda zan ajiye shi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Amma ta saman ƙayar kifin, Don Evaristo ya hango wadda ba ta dariya. Maritza ta miƙe, ta ɗauki jakarta, idanunta sun cika. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ji ta sarai.

"Baba, abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak."

Wannan ta fi barkonon zafi. Ya so ya ce mata ta tsaya, ya so ya ce don ita ya yi, don kada a raina ta. Ga gaskiya ta zo masa baki yau, ga shi babu harshen faɗinta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Aaiiaa."

Don Abundio ya ajiye kofinsa. Ya ɗaga wa Maritza hannu alamar ta dakata, ya tako a hankali cikin rairayi, fuska a murtuke, har ya tsaya gaban Don Evaristo. Dariya ta ɗauke. Ulises ya yi fari fat. Doña Ofelia ta daina fifita.

"Don Evaristo," in ji shi. "Jawabin nan na sha wahalar haddace shi a gaban madubi, kuma ba zan sake shi ba ko za a kashe ni. Saboda haka ga ƙarshensa. Ka ba ɗana 'yarka?"

Don Evaristo ya gyaɗa kai da sauri. Kifin ma ya gyaɗa, sama da ƙasa, sama da ƙasa, wutsiyarsa na dukan aku.

"Su biyun sun amince," in ji Doña Chelo.

Gashin bakin Don Abundio ya fara rawa. Ya cije leɓe. Kafaɗunsa suka kama girgiza. Sai dariya ta ƙwace masa, wata irin dariya mai kama da injin jirgin da ya daɗe bai tashi ba, har ya zauna daɓas a cikin rairayi yana riƙe ciki yana cewa, "Ƙasan teku! Zai kai ni!" Doña Ofelia ta tsaya baki buɗe tana kallon mijinta, ta ce rabon da ta ga haƙoransa na ciki tun suna saurayi da budurwa. Maritza ta dubi surukinta a ƙasa, ta dubi ubanta da kifi, ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, ya ƙi riƙuwa. Ta kife kai a kafaɗar Ulises tana dariya tana kuka. Shi kuwa bai tsaya jiran wani abin ya sake faruwa ba, ya zaro zobe ya zura mata.

Doña Petra ta fito da kofin romon jatan lande mai ɗumi za ta zuba a harshen. Doña Chelo ta riƙe mata hannu.

"Dakata, 'yar'uwa. Irin wannan damar ba kullum take zuwa ba." Ta gyara tabarau, ta matso. "Tsoho, a ina ka kamo kifin nan? In teku ce, ɗaga hannun dama. In kanti ne, ɗaga na hagu."

Don Evaristo ya zaro ido. Ya dubi jama'a, ya dubi wayoyi, ya dubi kofin romo yana tururi. Hannun dama ya ɗan motsa.

"Petra, mayar da romon madafa."

Hannun hagu ya tashi sama, tsaye kyam kamar na ɗan makaranta.

Ihu ya tashi, makaɗa suka saki kiɗa ba wanda ya kira su, mai tumbi ya rungumi mai kuge. Doña Petra ta tsiyaya romo a hankali, harshe ya saki da wata 'yar ƙara, Don Evaristo ya koma kujerarsa yana tangaɗi, ya zauna.

Harshen ya kumbura ya cika baki. Duk yammacin nan bai iya furta kalma ba. Aka kawo kifin gaske, wanda aka tsaga aka gasa a kan gawayi, da ƙaguwa, da jatan lande cikin tafarnuwa, da wainar masara mai zafi, kowa ya ci ya yi nak. Shi kuwa farar shinkafa aka ba shi da ruwan kwakwa, yana tsotsa ta gefen baki. Don Abundio, da ya samu mai sauraron da ba ya katse shi, sai bakinsa ya buɗe. Ya jawo kujera kusa, ya dafa kafaɗarsa, ya ba shi labarin guguwa, da na raga, da na injin jirgi, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Suruki, kai mutum ne mai daɗin hira." Maritza ta zo wucewa ta bayan ubanta, ta sunkuya ta sumbaci tsakiyar sanƙonsa.

Da za su tashi, Doña Petra ta nuna kifin da ke jikin ginshiƙi. "Ya fara saki. In gasa muku ku tafi da shi?"

"Kul!" in ji Doña Chelo. "Kada ki taɓa shi. Mayar min da shi cikin ƙanƙara, ki naɗe da kyau. Durango za shi. Akwai wuri a firizata."

"Me za ki yi da shi?"

"Ajiya."

A bakin ƙofa, shugaban makaɗan ya tare Don Evaristo yana yi masa sannu. Harshen ya ɗan sassauta. Don Evaristo ya waiga, ya ga kamar ba mai kallonsa, ya ware hannuwa biyu iya faɗinsu, ya ce da kyar, "Ai wanda ya kuɓuce min da safe, ya yi ukun wannan..."

Doña Chelo ba ta ko juyo ba. Ta ɗaga gefen tawul ɗin kawai, idon kifin ya leƙo.

Don Evaristo ya sauke hannuwansa a hankali, ya zuba su a aljihu, ya bi bayanta.